Yadda A Ke Zaman Majalisa Da Kasafin Kuɗin Ƙasa

Kowane magidanci ya sani, in kaka ta yi ya kan tsaya gaban rumbu ya yi lissafi. Ga na ci, ga na iri, ga zakka, ga kuma wanda za a sayar a yi wa iyali tufafi. Wanda ya ƙi yin wannan lissafi, tun damina ba ta tsaya ba za ka gan shi yana yawon neman rance. To, ƙasa ma tana da nata rumbu, shi ne baitulmali. Sai dai hatsin rumbunka naka ne kai kaɗai, amma dukiyar baitulmali ta jama'a ce duka, gama daga guminsu ta fito. Saboda haka ba a yarda mutum ɗaya ya buɗe shi ya ɗiba yadda ya ga dama ba, kome girmansa. Sai wakilan jama'a sun taru, sun ji dalili, sun yarda. Wannan taro shi a ke kira majalisar dokoki.

Majalisa a Kaduna

A cikin Kaduna, arewa da kogi, akwai wani babban gini mai ƙubba wanda a ke kira Lugard Hall. A nan majalisun Jihar Arewa biyu suka riƙa zama, watau Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna. An kafa su ne bisa tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947. Da fari shawara kaɗai su ke bayarwa. Su kan duba ƙiyasin kuɗin Jiha su faɗi ra'ayinsu, su kuma zaɓi waɗanda za su tafi babbar majalisar Nijeriya. Ita wannan babbar majalisa a lokacin ba a Ikko kaɗai ta ke zama ba. A watan Maris na 1948 a Kaduna ta yi zamanta na kasafi, inda Dokta Azikiwe da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka zauna cikin zaure ɗaya.

Tsarin mulki na 1951 ya ba majalisun Kaduna ikon yin doka. A 1954 Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiya, a 1959 kuma Arewa ta sami mulkin kai. Aka yi ta zama har Janairu na 1966, sa'ad da soja suka karɓi mulki suka rufe majalisu. Yau Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce ke zama cikin wannan gini. Majalisar ƙasa duka kuwa tana Abuja, ita ma kashi biyu ce: Majalisar Dattawa mai mutum 109, da Majalisar Wakilai mai mutum 360.

Waɗanda ke cikin zaure

Babba a cikin zaure shi ne Shugaban Majalisa, wanda yanzu a ke ce wa Kakaki. A Kaduna wani Bature, Sir Rex Niven, ya daɗe bisa wannan kujera, daga bisani ta koma hannun Alhaji Umaru Gwandu. Shugaba kamar alƙali ya ke. Shi ke ba da izinin magana, shi ke tsawata wa wanda ya ƙetare iyaka, ba ya kuwa jefa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki. Gabansa ga Akawun Majalisa, mai tsare takardu da rubuta abin da aka zartar. Bisa tebur ga sandan majalisa, alamar ikonta. In babu sandan nan a wurinsa, ba a ɗaukar taron a kan zaman majalisa.

A zamanin Firimiya ministoci 'yan majalisa ne, suna zaune gefe guda da mutanen jam'iyyarsu, 'yan hamayya kuma suna ɗaya gefen. Malam Ibrahim Imam na Barno ya taɓa shugabantar 'yan hamayya a Kaduna. Kada ka ɗauka ɗan hamayya maƙiyin ƙasa ne. Aikinsa ne ya duba inda rufi ke yoyo ya nuna. Da Turanci da Hausa a ke magana cikin zauren, akwai kuma tafintoci masu juya wa kowa abin da aka ce.

Aikin yini guda

Kafin a shiga, a kan ba kowane wakili takarda wadda aka jera ayyukan ranar a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Shugaba ya shigo, dogarin majalisa na gaba da sanda, kowa ya miƙe. A yi addu'a. Sa'an nan a duba rubutun zaman da ya wuce, in babu gyara a amince da shi. Dokar yanzu ta ce ba a zartar da kome sai kashi ɗaya cikin uku na wakilai sun hallara.

Daga nan sai sanarwa, sai koke-koke. Ko wane talaka yana da hanyar rubuta kukansa ya ba wakilinsa ya ajiye gaban majalisa. A zamanin dā lokacin tambayoyi ke biye. Wakili ya rubuta tambayarsa tun da kwanaki, ranar da aka sa kuma Minista ya tashi ya amsa da bakinsa gaban kowa: ina labarin gadar gari kaza, don me asibitin wuri kaza ba magani? In amsa ba ta gamsar ba, a ƙara masa wata nan take. Tun daga 1979 aka sake tsari, ministoci da kwamishinoni ba sa zama cikin majalisa, sai dai a aika musu su zo gaban kwamiti su yi bayani.

Bayan wannan sai batutuwa da shirin dokoki. Wakili ya tashi ya kawo batu, wani ya goyi bayansa, a buɗe muhawara. Muhawara tana da ladabinta. Ba ka fuskantar abokin gardamarka, Shugaba ka ke yi wa magana. Ba zagi, ba ƙazafi, ba shiga shari'ar da ke gaban alƙali, in kuwa Shugaba ya miƙe kai sai ka zauna. In magana ta ƙare, Shugaba ya ce masu yarda su amsa, waɗanda ba su yarda ba su ma su amsa, ya auna wace murya ta fi. Idan wani ya yi musu, sai a ƙidaya mutum ɗaya ɗaya. Duk abin da aka faɗa kuma rubuta shi a ke yi a buga, don kada gobe wani ya ce bai ce ba.

Shirin doka sau uku a ke karanta shi. Karatu na fari sunansa kaɗai a ke faɗa. A na biyu a yi muhawara kan manufarsa. Sa'an nan kwamiti ya bi shi layi layi ya yi gyara. A karatu na uku a zartar. Inda majalisa biyu ce, sai ɗayar ma ta yarda, kāna a kai wa Gwamna ko Shugaban Ƙasa ya sa hannu.

Zaman kasafi

Cikin dukan zaman shekara babu mai nauyin zaman kasafi. A dā shekarar kuɗi tana farawa ran 1 ga Afrilu ta ƙare ran 31 ga Maris, don haka wajen Fabrairu da Maris a ke taruwa a Kaduna. Yanzu daga Janairu zuwa Disamba a ke lissafi.

Tun watanni kafin zama, kowace ma'aikata ta kan rubuta bukatunta ta aika wa Ma'aikatar Kuɗi. Kowa kuwa ya kan roƙi fiye da abin da ke akwai, sai a yi ta datsewa har a sami littafi guda na ƙiyasi. Littafin nan fuska biyu gare shi. Ɗaya ta nuna inda kuɗi za su fito. A zamanin Jihar Arewa akwai rabon Gwamnati daga haraji da jangali waɗanda En'e ke tarawa, da rabon Jiha daga kuɗin fito na kayan da a ke fitarwa, kamar gyaɗa da auduga. Yau man fetur da harajin ciniki sun ɗauki babban wuri. Ɗaya fuskar ta nuna inda kuɗi za su tafi, ita ma kashi biyu. Akwai kuɗin yau da kullum, kamar albashin malamai da maganin asibiti. Akwai kuɗin manyan ayyuka, kamar gina hanya ko madatsar ruwa. Lura da wannan ƙwarai: in na yau da kullum ya cinye rumbu, ba abin da zai saura na gini. In kuma aka gina asibiti ba a tanadi albashin ma'aikata ba, an yi wa jemagu ɗaki ke nan.

Ranar kasafi Ministan Kuɗi ke tashi ya yi dogon jawabi. Alhaji Aliyu, Makaman Bida, shi ya riƙe wannan aiki a Arewa daga 1957 har 1966. A tsarin yanzu Shugaban Ƙasa ke ajiye ƙiyasi gaban majalisar Abuja, Gwamna kuma gaban ta jiharsa. Bayan jawabi a kan ɗaga zama, don wakilai su sami damar karanta littafin.

Muhawara ta farko ta gaba ɗaya ce. A nan wakili ke faɗin halin da ƙasarsa ke ciki: ko haraji ya yi wa talaka nauyi, ko kuɗin gyaɗa ya faɗi, ko bashin da za a ci zai iya biyuwa. Bayan wannan sai aikin ƙwarai. A dā majalisa duka ta kan juye ta zama kwamiti, a sauke sanda daga kan tebur, a ɗauki littafin babi babi: ilmi, lafiya, gona, ayyuka, har ƙarshe. Wakili ba shi da ikon ƙara kuɗi a kan abin da Gwamnati ta nema, amma yana da ikon neman a rage. Sai ka ji mutum ya ce a rage wani ɗan abu kaɗan daga babin ilmi, ko da fam ɗaya ne. Ba fam ɗin ya dame shi ba. Dabara ce ta tilasta wa Minista ya tashi ya faɗi dalilin da ya sa lardinsu ba makarantar sakandare. In ya ji amsa mai daɗi ya janye batunsa. A wancan tsari kuwa, Gwamnatin da majalisa ta ƙi wa kasafi ta faɗi ke nan.

Yau kwamitoci dabam dabam ke wannan aiki. Shugabannin ma'aikatu su zo su kāre abin da suka nema, 'yan majalisa kuma su kan rage su kan ƙara. Daga nan ne rigimar da a ke kira cushe ta ke tasowa, watau zargin an sa ayyukan da ba a nema ba. In an zartar, Shugaban Ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suna iya zartarwa ba da shi ba. Idan kuma shekara ta shiga ba a gama ba, doka ta yarda a ci gaba da kashe kuɗi gwargwadon na bara, amma kada ya wuce wata 6.

Har wa yau da saura. Bayan an kashe kuɗi, Babban Mai Binciken Kuɗi ya kan bi takardu ya kawo rahoto, kwamitin majalisa kuma ya kira ma'aikata su faɗi inda kowane kwabo ya shiga. Gama rubuta rijiya cikin littafi ba shi ne ruwa a guga ba.

Ƙarfin majalisa

Wannan iko na riƙe bakin jaka ba da sauƙi aka same shi ba. A Ingila an yi yaƙi tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa, cikin dalilan kuwa har da karɓar haraji ba da yardarta ba. Aka kashe Sarkin a 1649, a 1689 kuma aka rubuta a doka cewa ba a ɗora haraji sai majalisa ta amince.

A Kaduna ma an ga abin da majalisa ke iyawa. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, ya kawo batu a binciki yadda a ke mulkin En'e a gyara shi, don talaka ya sami bakin magana. Abin ya girgiza manya, amma batun ya wuce da ƙyar, aka yi bincike, aka kuma yi sabuwar dokar En'e a 1954. A 1979 Alhaji Balarabe Musa ya zama Gwamnan Jihar Kaduna, alhali mafi yawan 'yan majalisa na wata jam'iyya ne. Suka ƙi amincewa da kwamishinonin da ya kawo, a watan Yuni na 1981 kuma suka tsige shi. Shi ne gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Har yau mutane na gardama a kan wa ke da gaskiya, amma kowa ya yarda aikin jama'a ya sha wuya cikin rigimar.

To, ya kai mai karatu, ga naka rabo. Tun da Allah ya sa ka iya karatu, nemi sanin sunan wakilinka. In an buga kasafi, duba abin da aka rubuta wa garinku, ka riƙe shi a ka. In shekara ta juyo, je ka ga ko an yi. In ba a yi ba, ku taru ku rubuta masa takarda cikin ladabi ku tambaya. Wakili ɗan aike ne, wanda ya yi aike kuwa shi ya kamata ya tambayi saƙo.

Tambayoyi

1. Don me ba a yarda mutum ɗaya ya kashe kuɗin baitulmali shi kaɗai ba?
2. Waɗanne majalisu biyu suka zauna a Kaduna daga 1947?
3. Yaushe Shugaban Majalisa ke jefa ƙuri'a?
4. Mene ne bambancin kuɗin yau da kullum da kuɗin manyan ayyuka?
5. Don me wakili ke neman a rage fam ɗaya daga wani babi?
6. Wa ke bin sawun kuɗi bayan an kashe su?