HORON DOKIN HAWA A FILI, DA KOYA MASA TSALLAKE

Zuwa ga dagatai, da masu unguwa, da manoma masu dawaki na ƙasar Kankiya da Kusada.

Ya kai mai karatu, doki dukiya ce mai tsada, daga rumbun da iyalinka ke ci kuwa shi ma ya ke ci. Amma da yawa cikinmu sun ɗauka ran da duƙushi ya yarda da sirdi, ya bar tutsu, horonsa ya ƙare ke nan. Sai a ɗaure shi a turke, ba a kwance shi sai Salla ta zo, ko in za a yi hawan angwanci. Ran nan a labta masa kaya, a yi ta sukuwa da zamiya, kashegari a tarad da shi yana ɗingishi, bakinsa duk jini. Da damina kuma, in ka taso daga Kusada za ka Kankiya, ka iske ruwa ya yanke hanya, dokin da bai saba ba ko ya turje, ko ya yi tsalle irin na firgita ya kā da kai. Nufin wannan takarda ta nuna maka cewa a fili a ke koyon tsallake, tun doki bai ga abin da zai tsallake ba.

Mu mutanen Katsina ba baƙin wannan sha'ani ba ne. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a Katsina, ɗansa kuma Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna a wasan har ƙasashen waje. Dokin folo da hannu guda a ke sarrafa shi, gama ɗaya hannun yana riƙe da sanda, duk da haka ya kan juya, ya tsaya, ya tashi, da ɗan motsin da mai kallo ba ya ko gani. Kilisar kowace safiya ce ta kai shi nan.

Da fari ka duba shekarunsa a haƙora. Haƙoran gaba na tsakiya su kan fāɗi su sake tsirowa yana da shekara 2 da rabi, na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe a shekara 4 da rabi. Kada ka sa shi tsallake kafin ya cika shekara 4, gama ƙasusuwan bayansa ba su gama ƙwari ba sai wajen shekara 5 ko 6.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da aka kwashe amfani, gonaki suka zama fili, ga harawa ta samu. Ka nemi jigawa mai ɗan laushi, ka tsince kututturan kara domin kada su soke shi. Ka guji laka ta fadama da rani, wadda ta bushe ta tsattsage, gama tana cin kofato, tana kuma kama ƙafa. Ka fita da sassafe, kafin ka ba shi hatsi, ko kuwa ka dakata sa'a guda bayan ya ci. Minti 30 zuwa 40 kullum sun fi yini guda cur a mako.

BAKIN DOKI

A nan ya kamata mu daɗe, domin a nan yawancin dawakinmu su ke lalacewa. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai wani gurbi a bakin doki inda babu haƙori, sai dasashi a bisa ƙashi. Nan linzami ya ke zama. Linzaminmu na gargajiya, mai ƙarfe a bisa harshe da zobe kewaye da haɓa, yana da ƙarfi ƙwarai, har yaro ƙanƙane ya iya zaunad da ingarma da shi. An yi shi domin yaƙi da jafi, a can kuwa ya biya bukata. Amma in kullum ana fizgarsa, gurbin nan sai ya yi rauni, ya warke da tabo, ya daina ji. Shi ne ka kan ji ana cewa doki ya yi taurin baki, a ƙara masa wani linzami da ya fi na dā tsanani, alhali hannun mahayi ne ya ɓata shi. Wani dokin kuma tsoro ya kan kama shi, ya riƙa ɗaga kai sama, yana kallon gajimare. Wanda ke kallon sama, yaya zai auna rami?

Saboda haka wajen kilisa ka sa masa linzami mai sauƙi, irin mai gaɓa a tsakiya da zobe biyu a gefe, maƙeri kowane zai iya ƙera maka in ka kwatanta masa. Mai ƙarfin ka ajiye shi sai ran hawa. In kana so ya tafi, matse shi da ƙwauri, in ya ƙi ka taɓa shi da tsumagiya sau ɗaya. In kana so ya tsaya, ka zauna daram, ka rufe yatsunka a hankali. Da ya ba ka abin da ka nema, nan take ka sassauta. Wannan sassautawa ita ce ladansa, da ita ya ke gane ya yi daidai. In ka ci gaba da ja bayan ya tsaya, to, ka koya masa cewa tsayawa ba ta da amfani.

Sa'an nan ka kafa turke a tsakiyar fili, ka zana da'ira mai fāɗin yadi 20, ka riƙa kewayawa da shi, da tafiya, da sassarfa, da ƙaramar sukuwa. Yawan kewayen da ka yi ta dama, ka yi kamarsa ta hagu, gama doki ma kamar mutum ya ke, yana da ɓangaren da ya fi masa sauƙi, za ka ji ɗayan ya yi tauri kamar itace. Ka yawaita sauyi: daga tafiya zuwa sassarfa, taku goma ka komo tafiya, ka tsaya, ka sake tashi. Sauyin nan shi ke sa ya tattaro ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, da su kuwa ya ke tunkuɗa jikinsa sama in zai yi tsalle. Zamiya a ƙasa mai tauri gwiwoyin nan na baya ta ke kashewa, kada ka mai da ita wasan kullum, ko da samari za su yi maka tafi.

TSALLAKE

Ba sai ka sayi kome ba. Kunyar gonarka ita ce malama ta fari: ka ratsa kunyoyi da shi a gicciye, da tafiya, linzami a sake, ya sunkuya ya duba inda zai sa ƙafa. Bayan mako guda ka jera sanduna masu kauri 3 ko 4 a ƙasa, tsakaninsu kamar ƙafa 4, ka bi ta kansu da sassarfa. In yana tuntuɓe, matso da su ko ka buɗa su kaɗan, har su yi daidai da takunsa. In ya bi su bai ƙara sauri ba, bai kuwa rage ba, sa'an nan ka aje damin kara a gicciye, tsawonsa daga ƙasa kada ya wuce ƙafa 1. Kara ya fi itace, gama in ya buge shi watsewa zai yi. Ka zo masa da sassarfa, ka nufi tsakiya sosai. Sau 5 ko 6 ya isa, kwana biyu a mako, sauran kwanakin ka koma da'ira. Ƙarin tsawo kuwa inci 3 ne, shi ma sai ya yi mako biyu bai yi gardama ba. Rami ma haka: ka fara da ɗan lambatu wanda zai iya takawa, in da hali wani tsohon doki da ya saba ya shige gaba.

Game da zamanka, akwai wani hafsan sojan dawaki na ƙasar Italiya, sunansa Kafirilli, wanda ya rasu a 1907. Kafin zamaninsa mahayan Turai su kan jingina baya in doki zai dira, suna ja da linzami, wai suna taimakonsa. Shi ya lura da dawaki suna tsalle ba kowa a kansu, ya ga su kan miƙa wuya su lanƙwasa baya. Sai ya koyad da a rage tsawon likkafa, mahayi ya ɗan ɗaga daga sirdi, ya karkata gaba, hannunsa ya bi bakin doki. Da hanyarsa a ke tsallake a duniya har wa yau. Sirdinmu mai tudu gaba da baya ba ya barin mutum ya yi haka sosai, tudun gaban ma ya kan bugi ciki, saboda haka in ka sami sirdi shimfiɗaɗɗe irin na folo ya fi. In kana shakkar hannunka, kama geza, ba abin kunya ba ne. Ka sani kuma abin da ke dab da hancin doki ba ya ganinsa, tun daga nesa ya ke auna shi, in ka danne kansa ka hana shi aunawa.

In ya turje, kada ka fara da bulala. Sauka ka duba ko majayi ya ci shi, ko akwai miki ƙarƙashin sirdi, ko tsakuwa ta shiga kofato. In duk lafiya, rage damin, ka koma sanduna, ya ƙetare ko da sau ɗaya ne cikin natsuwa, sa'an nan ka tashi aiki. Ka komo gida da tafiya har numfashinsa ya kwanta, ka ba shi ruwa, ka goge gumin bayansa, ka shafa ƙafafunsa huɗu daga gwiwa zuwa kofato. In ka ji wata ta fi 'yan'uwanta zafi, ko ta kumbura, ka zuba mata ruwan sanyi safe da yamma, ka hutad da shi. In kwana 3 suka wuce bai daina ɗingishi ba, ka aika a kira malamin dabbobi.