Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Darasi Daga Birnin Bankok

Shugabannin ƙungiyar 'yan jarida sun matsa mini in rubuta wani abu a allon wannan mako game da tafiyata ƙasar Tailan. Na ce to, amma da sharaɗi: darasi ne, kuma akwai aiki a ƙarshe. Wanda ya tsaya karantawa ya nemo biro.

Mu fara da taswira. Tailan tana kudu maso gabashin Asiya, tana maƙwabtaka da Myanmar da Laos da Kambodiya da Malesiya. Da sunanta Siam, sai a 1939 aka sauya. Turawa ba su taɓa yi mata mulkin mallaka ba. Yawancinmu a jikin buhun shinkafa muka fara ganin sunanta. Bankok ya zama babban birninta a 1782, lokacin da Sarki Rama na Ɗaya ya kafa fadarsa a bakin kogin Chao Phraya. Su 'yan ƙasar Krung Thep suke kiran birnin. Agogonsu yana gaban namu da awa 6, wato sa'ad da kuke shiga aji ƙarfe 8 na safe, su ƙarfe 2 na rana ce.

Wanda ya zaga da ni malamin makaranta ne kamar ni, Musulmi, haifaffen unguwar Bang Rak, inda tsohon masallacin Haroon yake. A wani kwas muka haɗu. Da ya gane na girme shi sai ya koma kirana phi, wato yaya, ni kuma ya ce in ce masa nong, wato ƙane. Haka suke yi har da wanda ba su sani ba a kasuwa.

Ranar farko na ce mu tari tasi zuwa fada. Ya yi dariya, ya nuna mini titi: motoci sun tsaya cak kamar an dasa su. Muka gangara bakin kogi muka shiga jirgin ruwa mai tuta ruwan lemo, wanda shi ne motar haya ta talakan birnin. A nan na gane abin da nake koya muku a aji, cewa kogi ne yake tsara gari. Fada da manyan wuraren ibada da tsofaffin kasuwanni duk a bakin ruwa suke, don kafin zuwan mota, kwalekwale ne abin hawa.

Kusa da fada abokina ya tsallaka ya sayo mana ruwa. Nan take wani mutum mai tsabtar kaya ya matso, da Turancinsa mai daɗi, ya ce ai yau an rufe fada sai la'asar saboda wani biki, amma ga mai tuk-tuk zai zaga da ni gari a kan baht 20 kacal. Tuk-tuk ɗin nan ɗan'uwan a-daidaita-sahu ne, baht kuwa shi ne kuɗin ƙasar. Na ji araha, har na fara ɗaga wa abokina hannu ya zo mu hau. Yana isowa ya yi wa mutumin magana biyu da harshensu, mutumin ya juya ya yi gaba. Fada a buɗe take. Abokina ya ce tsohuwar dabara ce: direban zai bi da kai shagon duwatsun ado ko na tela, masu shagon su ba shi la'ada ko takardar shan mai, kai kuma a tsare ka da daɗin baki har ka sayi dutse a kan ninkin kuɗinsa. Akwai baƙin da suka bar kuɗin guzurinsu kaf a irin waɗannan shaguna. Ku lura da lissafin: baht 20 ba za su biya man zagayen ba, to lallai akwai wanda zai cika sauran.

Fadar kanta ba a shiga da gajeren wando ko kafaɗa a waje. Kusa da ita akwai Wat Pho, inda mutum-mutumin Buddha yake kishingiɗe, tsawonsa mita 46. A ƙetaren kogi kuma ga hasumiyar Wat Arun, wadda aka yi wa ado da fasassun tangaran na ƙasar Sin. Kallo ya kai mu, mu biyun duka ba addininmu ba ne, amma mun tuɓe takalma inda ake tuɓewa. Abokina ya gargaɗe ni kan abu biyu. Kada in miƙe ƙafa ta fuskanci mutum ko in dafa kan wani, ko da yaro ne. Kuma in kuɗi ya faɗi kada in taka shi don in tsayar da shi, domin hoton sarki ne a jiki, dokar ƙasar kuwa tana ɗaure wanda ya ci mutuncin sarki shekara 3 zuwa 15.

Abinci ma sai da shi. Naman alade ya yi yawa a girkinsu, mu suke ce masa. Ya koya mini in ce mai kin mu, ba na cin alade, ya kuma nuna mini tambarin halal da ake bugawa a jikin kaya da ƙofar gidan abinci.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa na sama, wanda aka buɗe a 1999, muka sauka a tashar Mo Chit don shiga kasuwar Chatuchak. Asabar da Lahadi take cika, rumfunanta dubbai ne, an raba su sashe-sashe da lamba. Akwai hasumiyar agogo a ciki, nan muka yi alkawarin haɗuwa in mun rabu. 'Yan kasuwarmu masu saro tufafi sun fi zuwa Pratunam, amma ni tsaraba ce ta kai ni.

A nan na yi kuskurena na biyu. Wata dattijuwa ta ce riga baht 300. Na yi irin ta gida, na taya 100, na ɗaga murya, na yi kamar zan tafi, ina jiran ta kira ni. Ba ta kira ni ba, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ninke kayanta. Abokina ya ja ni gefe ya ce, “Phi, a nan wanda ya ɗaga murya ya zubar da girmansa, ya kuma kunyata mai kaya.” Suna da abin da suke kira jai yen, wato sanyin zuciya. Muka koma, ya gaishe ta, ya kira ta pa, wato gwaggo, ya tambaya da murmushi ko za a ɗan rage in mun ɗauki uku. Ta danna 250 a na'urar lissafi ta nuna mana. Ragi a wurinsu yawan kaya yake bi. Ba a taya dafaffen abinci, ba a taya kayan kanti mai farashi a rubuce, kuma in ka faɗi kuɗi aka sallama, sai ka biya.

Masu son darasin Hausa, ga naku. Harshen Tai yana da karin sauti 5. Kalmar klai tana nufin kusa, tana kuma nufin nesa, karin sauti ne kawai ya raba su. Baƙi da yawa suna wahala a nan, amma kunnen da ya saba raba kukan yaro da kukar miya bai sha wuya sosai ba.

Abu na ƙarshe shi ne kwanan wata. Na ɗauki kwalbar man zafi zan saya wa mahaifiyata, na duba ranar lalacewa na ga 2569. Muna 2024 a lokacin. Na ce wannan magani zai kai jikokin jikoki! Ashe kalandarsu ta addinin Buddha ce, tana gaban ta Miladiyya da shekara 543. In ka cire 543 daga 2569 za ka sami 2026. Wani lokaci ma lamba biyu na ƙarshe kawai suke bugawa, ka ga 69. Wanda bai san wannan ba zai iya saro kayan da suka riga suka lalace yana murna, tunda ko 2560, wato 2017, a idonsa nan gaba ce.

Ga aikinku. An kawo gwangwanin kifi daga Tailan, an rubuta zai lalace a 2571: wace shekara ke nan a Miladiyya? Shekarar da aka kafa Bankok, ya za a rubuta ta a kalandarsu? Sannan in jirgi ya tashi daga Abuja ƙarfe 1 na rana ya yi awa 17 a hanya, ƙarfe nawa zai sauka a agogon Bankok? A rubuta suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin tashi ranar Alhamis.