Santsi da Tuntuɓe a Wurin Aikin Kaka

Jama'a, ga kaka ta kama, kowa ya shiga hidimar sussuka da awo da jidar buhuna. A wannan mako ba zancen iri ko na taki za mu yi ba. Zancen inda muke sa ƙafa za mu yi.

A kakar bara na tafi wani sito duba hatsi. Ina tsaye wajen sikeli sai ga wani ɗan dako ya shigo da buhun masara a ka. Ashe waken soya kamar rabin mudu ya zube a bakin ƙofa. Da ya ɗora ƙafa sai waken ya mirgina da shi, ya faɗi, buhun ya bi shi, hannunsa ya karye. Wata 2 bai ɗauki kaya ba, ga shi kuwa shi ke ciyad da gidansu. Abin da ya fi damuna shi ne, ni ma na ga waken nan sa'ad da na shiga, na tsallake shi, ban ce kome ba.

To, ku lura, ba ruwa kaɗai ke kawo santsi ba. Ƙwayar hatsi bisa daɓen siminti ta fi ruwa mugunta, tun ba waken soya da dawa da gero ba, don su mulmulallu ne. A ƙasa mai taushi in an taka ƙwaya sai ta nutse. A siminti kuwa ba inda za ta shiga, sai ta gangara da mutum. Shi kuma mai ɗauke da buhu mai kilo 100 ba ya iya duban ƙasa, hannuwansa duka biyu suna sama, ba abin da zai dafa. Saboda haka kada a ce sai yamma za a yi shara. A ajiye tsintsiya a bakin ƙofa, wata kuma wajen sikeli, abin da ya zube a kwashe nan da nan. Buhu in ya huje a ɗinke shi a inda yake, kada a ja shi yana tsiyaya. Mai sito ko akawunsa ya sa yaro guda wanda wannan ne aikinsa, gama aikin da aka bar wa kowa ba mai yinsa.

Takin zamani ma haka, musamman yuriya. Yana shan laima daga iska, in ya zube ya kwana sai ya narke, daɓe ya yi yauƙi kamar miyar karkashi. A jera shi bisa katako.

A wurin injin niƙa ko na casa, baƙin mai shi ne abokin gaba, domin wanda ya zame a nan yana iya faɗawa kan bel. Kada a watsa wa mai ruwa, baza shi kawai za a yi. A zuba yashi ko toka ko dusa, ya tsotse, sa'an nan a kwashe.

Tuntuɓe kuwa yawancinsa daga kayan da muka yar ne: igiyar ɗaurin buhu, da gefen tampol da ya naɗe, da lauje cikin kara, da manjagara da aka kwantar haƙora sama. Masu noman rani su ma su duba inda tiyo ya ratsa hanya. A cikin sito a bar hanya tsakanin layin buhuna wadda mutum 2 za su wuce juna. Wanda ya fito daga rana ya shiga sito mai duhu ya ɗan dakata a ƙofa har idonsa ya washe.

Sai tsani, na rumbu ko na hawa kan buhuna. Ga ƙa'idarsa: kowace ƙafa 4 ta tsawo, a janye gindinsa ƙafa 1 daga bango. Watau in kan tsanin ya jingina a ƙafa 12, gindinsa ya zama ƙafa 3 daga bango. In ya miƙe da yawa ya kan kifo da mutum ta baya, in ya kwanta da yawa gindin ya kan sulɓe. Wani ya riƙe shi a ƙasa. Kada kuma a hau da silifas da ya cinye, gara takalmin roba mai zane a tafinsa.

In mutum ya faɗi yana kukan wuya ko gadon baya, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a miƙe shi da ƙarfi. A nemi ma'aikacin lafiya. In kuwa dole ne a ɗauke shi, a kwantar da shi bisa faffaɗan katako, wani ya riƙe kansa kada ya motsa. Wanda ya bugu a ka, daga baya ya shiga amai ko barci ko ruɗewa, lalle a kai shi asibiti ko da ba a ga jini ba. Wanda lauje ko ƙusa ta soka kuma a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a je a yi masa allurar rigakafin ciwon nan mai sarƙe haƙora.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi magana kan ƙwarin da ke cin wake a ajiya.