Kama da Wane Ba Ta Wane: Shawara ga Mai Kiwon Kifin Ado

Wani mai karatu ya rubuto cewa kifayensa 'yan asalin Tafkin Malawi sun hayayyafa a akwatin gilashi, amma 'ya'yan ba su ɗauko uwa ba, ba su ɗauko uba ba, yana neman sanin hakikarsu da abin da ya wajaba a kansa.

Malam, Allah ya ƙara basira. Waɗannan kifaye da masana ke kira sikilid dangin karfasarmu ne, kuma jinsunansu a wannan tafki sun kai ɗaruruwa. A can, yalwar ruwa da bambancin launi da mazauni sukan tsare kowa ga jinsinsa, amma idan aka tara su cikin ƙunci, namiji mafi ƙarfi ya mallake wurin, mace kuma ta rasa nata, sai ta karɓi wanda ya samu, ta riƙe ƙwai a bakinta kimanin mako 3, ta fito da barbarar yanyawa. Kuma saɓanin alfadari, galibinsu suna haihuwa, sai cakuɗar ta ci gaba.

Wasu sikilid, waɗanda ba na Malawi ba, an haɗa su da gangan, sanin su ba wuya: Blood Parrot da aka samar a Taiwan wajen 1986, mai dunƙulallen jiki da bakin da ba ya rufuwa sosai, da Flowerhorn na Malesiya mai tozo a goshi. Shubuha tana ga wanda ya zo bisa kuskure, alamunsa kuwa su ne zanen jiki ya kakkarye ko ya saɓa tsakanin ɓangarori biyu, ko siffar baki ta zama ta wani jinsi launi na wani, ko 'ya'yan ciki ɗaya su tashi kowa da kamarsa. Sai dai duk wannan zato ne, yaƙini ba ya samuwa sai da sanin iyaye, musamman a matan sikilid da ake kira Aulonocara, waɗanda kusan dukkansu launin ƙasa ne.

Saboda haka kada ka haɗa jinsuna makusanta ko masu launi ɗaya, ka ba kowane namiji mata 3 ko 4 na jinsinsa, ka yawaita duwatsun ɓuya, ka riƙe ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 da 27, kana sauya rubu'insa kowane mako. Waɗanda aka riga aka haifa kuwa rayuka ne da ke da hakkin ci da tsabta a wuyanka, ka ware su, kada ka zuba su a kogi ko dam su gurɓata kifin gida, kuma ranar da za ka sayar ko ka kyautar, ka bayyana asalinsu, domin wanda ya karɓa da sunan tsantsa zai hayayyafa su da wannan suna, alhali nasabar da ta cakuɗe ba ta sake tacewa.