Me ke hura wutar amosanin gaɓɓai?

Wata mai sauraronmu daga Damagaram ta aiko da tambaya: mahaifiyarta na fama da kumburin yatsu a hannu biyu, likita ya ce garkuwar jikinta ce ke yaƙar ta. Ta yaya jiki zai yaƙi kansa?

To Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. A cikin kowace gaɓa akwai wani siririn tantani mai fitar da ruwan da ke sa ƙashi ya motsa ba tare da gogayya ba. A wannan cuta, ƙwayoyin wannan tantani suna kunna ƙwayoyin gado masu kula da garkuwar jiki, alhali babu wata ƙwayar cuta da ta shigo. Sai su riƙa fitar da sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6, waɗanda ke kiran fararen ƙwayoyin jini. Su kuma idan sun iso sai su ƙara zuga ƙwayoyin tantanin. Tantanin ya yi kauri, ya fara cin guringuntsi da ƙashi. Wannan kumburi ne ya sa yatsu ke sandarewa da safe, wani lokaci fiye da awa guda.

Akwai gado a ciki, musamman ƙwayar HLA-DRB1, kuma shan taba na ƙara haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke da cutar, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne.

Don Allah kada a tsaya ga maganin kashe zafi kawai. Magani irin metotireksat na rage wannan ɓarna, amma sai likita ya rubuta, yana kuma duba jini akai-akai.