Yadda Ake Shirya wa Mai Hali Tafiyar Kallon Namun Daji da Zaɓar Masa Masauki

Garin Kafanchan, tun daga shekarar 1927 da hanyar jirgin ƙasa ta Fatakwal ta sadu a cikinsa da ta Kaduna da reshen da ya hau Jos, ya zama mazaunin mutanen da suka saba da tarbar matafiyi da sallamarsa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka wayi gari waɗansu daga cikin samarinmu suka rungumi sana'ar shirya wa masu hali tafiyar shaƙatawa, musamman irin wadda attajiri ko babban ma'aikaci yakan yi da iyalinsa domin ya ga namun daji a inda Allah ya ajiye su, ya kuma kwana a masaukin da ya dace da darajarsa. Sana'a ce ta halal, amma tana da nauyi, domin mai shirya tafiya wakili ne, dukiyar wani da lafiyar iyalin wani suna hannunsa, kuma abin da yake sayarwa mai saye bai gan shi ba tukuna. Ciniki irin wannan, wanda malaman fiƙihu suke jiye wa tsoron garari, ba ya tsarkaka sai da bayani filla-filla tun kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Farkon aiki shi ne zama da mai tafiyar, a gidansa in ya yarda, ba tare da an zo masa da sunan wani wuri ko hoton wani ɗaki ba. A tambaye shi su wa za su bi shi, da shekarunsu, ko akwai dattijuwa mai ciwon ƙafa wadda ba za ta jure wa girgizar mota a hanyar burji ba, ko mai ciwon sukari da maganinsa yake bukatar sanyi, ko yara ƙanana waɗanda haƙurinsu ba ya kai awa biyu. A tambaye shi kwana nawa yake da su, da iyakar abin da ya yi niyyar kashewa. Sa'an nan, a hankali, a binciko muradinsa na haƙiƙa, domin wani giwa yake so ya gani da idonsa kafin ya bar duniya, wani kuwa hutu kawai yake nema nesa da waya da masu neman alfarma, namun dajin ƙari ne. Waɗannan mutum biyu ba wuri ɗaya za a kai su ba, ko da kuɗinsu daidai suke. Da yake kuma ƙasarmu ta Kudancin Kaduna ta Musulmi ce da Kirista, wajibi ne a san ibadar mutum: a kauce wa watan azumi in ba shi ya nema ba, a lura da Juma'a ko Lahadi inda za ta riske shi, a kuma tuna wa Musulmi cewa in tafiyar ta zarce mil 48 da malaman Malikiyya suka ƙayyade, yana da rangwamen ƙasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba.

Bayan wannan sai zaɓen lokaci, kuma a nan ne galiban sababbin shiga sukan yi kuskure. Abubuwan kallo na ƙasarmu ba su nuna a lokaci ɗaya. Matsirgar ruwa ta Matsirga, wadda take kusa da Madakiya a gefen Kafanchan, ba ta cika fuskarta sai da damina ko a ƙarshenta, lokacin da ruwan duwatsun Kagoro yake gangarowa da ƙarfinsa. Alhali kuwa namun daji a wannan lokaci sun watsu cikin doguwar ciyawa, kowane kududdufi ya ishe su sha, ba mai ganinsu sai da rabo. Su namun daji rani suke so, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, ƙishirwa ta tilasta musu taruwa a bakin kogi. Wanda ya yi wa mutum alkawarin abubuwan nan biyu a kan ganiyarsu cikin mako ɗaya ya faɗi abin da ba ya iya cikawa. A ganina, ga iyalin da suke so su haɗa gida da daji, babu kamar makon farko na Janairu: su halarci bikin Afan da mutanen Kagoro suke yi ran 1 ga wata, su ga mafarauta da masu rawa a gindin dutse, kashegari su kama hanyar Bauchi cikin sanyin hunturu. Wanda kuwa dabba ce zalla a ransa, a jinkirta masa zuwa Fabrairu ko Maris, a kuma gaya masa gaskiya cewa zai sha zafi.

Gandun da ya fi dacewa da mutumin Kafanchan shi ne Yankari, a ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a Disamban 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ya koma hannun jiha a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Hanya kuwa biyu ce zuwa Jos, ko dai ta Kagoro da Manchok a hau tudu ta Ganawuri, ko kuma ta Gidan Waya a bi Hawan Kibo, inda ake iya tsayawa a matsirgar Assop a miƙe ƙafa. Ni dai ban yarda a kwashi iyali daga Kafanchan zuwa Yankari a yini ɗaya ba. A kwana a Jos, a shiga gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, yara su ga kawunan yumɓu irin na Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 a wajen haƙar kuza a ƙasar Jaba, su san cewa kayan maƙwabtansu ne. Da safe a wuce Toro zuwa Bauchi, a ɗauki hanyar Gombe har Dindima, a karkata kudu zuwa ƙofar gandun a Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji kafin a kai sansanin Wikki. Duk wannan a yi shi da rana tsaka. Kada a tsara wa kowa tafiyar dare, kuma kada a dogara ga labarin bara a kan lafiyar hanya. A tambayi direbobin tasha da jami'an tsaro a cikin makon tafiyar. Gandun Kamuku na Birnin Gwari yana cikin jiharmu, amma halin da yankin ya shiga bai bar wa wakili mai tsoron Allah damar tura iyali can ba tare da cikakken tabbaci ba. Haka nan gidan dutsen nan na Kajuru, wanda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980, in mai tafiya ya ambace shi, haƙƙinsa ne a sanar da shi harin da aka kai can a Afrilun 2019 wanda ya ci rayuka biyu, sa'an nan a bar masa zaɓi.

To, yanzu mun zo kan masauki, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Sharaɗi na farko shi ne kada wakili ya sayar da ɗakin da bai taka da ƙafarsa ba, ko aƙalla wanda amintaccensa bai kwana a ciki ba a cikin wannan shekara, domin hoto ba ya nuna famfon da ya daina zuba, ba ya kuma jiyar da ƙarar injin wuta da ke bayan taga. In ya je, ya nemi a nuna masa ainihin ɗakin da za a ba baƙonsa, ya rubuta lambarsa. Ya buɗe ruwa, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ya duba ragar taga da gidan sauro, ya tambayi sa'o'in da ake ba da wuta da dare, ya leƙa madafa ya ga inda ake ajiye nama da wanda yake yanka shi. A Wikki ɗakuna daraja-daraja ne, daga na ɗalibai har zuwa na manyan baƙi, kuma akwai abin da ba a rubuta a takardar farashi ba, watau nisan ɗaki daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan da sansanin ya ci sunanta, wadda take fitowa daga ƙarƙashin dutse garau, zafinta yana tsaye a kan digiri 31 dare da rana. Ana sauka gare ta ta matakala mai tsawo, saboda haka dattijo yana bukatar a yi masa tanadi, mata masu kunya kuma a nemo musu sa'ar da babu cunkoso. A kuma gargaɗi iyali tun daga gida game da birai, irin manyan nan da ake kira bika, waɗanda suka saba da mutane har sukan kutsa ɗaki su ɗauke abinci in an bar ƙofa a buɗe.

Amma fa abin da yake bambanta masaukin alfarma na gaskiya da otal mai ƙyalli shi ne kusancinsa da inda dabbobi suke shan ruwa, da ingancin jagoran da zai fita da baƙo. Namun daji sukan yi motsi ne da sassafe da kuma bayan la'asar. Da rana ta take sai su shige inuwa. Masaukin da yake bukatar tafiyar awa biyu kafin a kai bakin kogi ya riga ya cinye wa baƙo sa'ar da ya biya kuɗi dominta, ko da an shimfiɗa masa darduma ta Farisa. A Yankari kogin Gaji ne matattara, a can ake sa ran ganin ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, da dorina da kada a cikin ruwa, da tsuntsaye iri fiye da 350. Giwayensa kuwa suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, amma sukan yi nisa, zakuna kuma sun ƙaranta ƙwarai. Saboda haka a ɗaukar wa baƙo mota tasa shi kaɗai maimakon a cusa shi cikin ayarin ɗalibai, a nemi tsohon ma'aikacin gandu wanda yake karanta sawu da kashi da karyayyen reshe, a tsara fita huɗu ko biyar cikin kwana uku, domin wanda ya fita sau ɗaya tak ya jingina tafiyarsa duka a kan sa'a. Kalmar da ba ta halatta a bakin wakili ita ce "lalle za ka ga giwa". Abin da zai ce shi ne an gan su a wuri kaza a makon jiya, kuma za a nema.

Idan mai tafiyar ya fi ƙarfin wannan, ya ce shi Gabashin Afirka yake so, ƙa'idar ba ta sake ba, sai dai lissafin ya ƙaru. Daga Kafanchan za a bi ta Kwoi da Keffi zuwa filin jirgin Abuja, a tabbatar da fasfo da katin allurar shawara da dokar shiga ƙasar kamar yadda take a ranar, domin takan canja. A gandun Masai Mara na Kenya, babban abin kallo shi ne ƙaurar wata dabba mai gemu da Sawahilawa suke kira nyumbu, fiye da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa, waɗanda sukan tsallako kogin Mara daga Serengeti ta Tanzaniya tsakanin Yuli da Oktoba. A watan Fabrairu kuwa suna can kudancin Serengeti suna haihuwa, wanda ya kama ɗaki a bakin Mara a lokacin zai ga kogin amma ba zai ga ayarin ba. Masaukan alfarma na can galibansu tantuna ne masu gado da makewayi, ɗakunansu kaɗan, shi ya sa akan kama su watanni da yawa kafin lokaci. Waɗansu suna cikin gandun gwamnati, inda motoci sukan yi cincirindo a kan zaki ɗaya. Waɗansu kuma suna filayen da aka yi haya daga makiyayan Masai, inda aka ƙayyade yawan motoci aka kuma yarda da fitar dare, kuma ga mai neman natsuwa waɗannan na biyun nake zaɓa. Ƙananan jiragen da suke tashi daga filin Wilson a Nairobi ba su karɓar kaya fiye da kilo 15 ga mutum, a cikin jaka mai laushi, lalle a gaya wa uwargida wannan tun tana haɗa kaya. Akwai kuma wata mas'ala da ta shafi mutanenmu: farashin irin waɗannan masaukai sau da yawa ya haɗa da giya, saboda haka wakili ya rubuta musu tun da wuri cewa baƙonsa ba ya sha, a kwashe ta daga tantinsa, a nemi ragi in ana yi, a kuma tabbatar da naman halal a rubuce.

Da an daidaita a kan wuri da masauki, sai a zauna a rubuta yarjejeniya, kwafi biyu, da harshen da mai tafiyar yake karantawa. A jera kuɗin ɗaki da na abinci, kuɗin shiga gandu, na mota da mai, na jagora, da ladan wakili shi kansa a fili ba a ɓoye cikin farashin ɗaki ba. In masauki yana ba shi la'ada, ya faɗa, domin kada a zarge shi da fifita mai ba shi a kan mai kyau. A rubuta nawa ne kafin alƙalami, da ranar cika saura, da abin da za a mayar in rashin lafiya ko rasuwa ko taɓarɓarewar hanya ta hana tafiya. In kuma da dala za a biya, a ambaci wanda zai ɗauki bambancin canji. A haɗa wa iyali takarda ɗaya mai ɗauke da tsarin kowace rana, da asibiti mafi kusa, da kayan da za su riƙe: maganin zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita, madubin hangen nesa, rigar sanyi saboda fitar asuba, da tufafi masu launin ƙasa, domin baƙi da shuɗi suna jawo ƙudan tsando.

Ranar tashi wakili ya zo da kansa ya duba tayoyin mota da safaya, ya yi musu rakiya zuwa bakin gari, kowace maraice kuma ya kira direba ya ji inda aka sauka. In sun dawo ya bar su su huta kwana biyu, kana ya je ya yi musu barka da zuwa, ya tambayi maigida da uwargida da yara kowa daban, domin abin da ya dami uwargida a madafa ko makewayi ba lalle ne maigida ya sani ba. Abin da suka faɗa kuma ya shigar da shi cikin littafinsa a ƙarƙashin sunan masaukin, tare da kwanan wata da lambar ɗakin da sunan jagoran da ya fita da su.