Gammon Baba

Ƙasar Adar ƙasa ce mai duwatsu. In damina ba ta yi kyau ba, hatsi ba ya kai mutane wata shida. Don haka tun da daɗewa mazan Adar ke tafiya bida a Kurmi. Wasu su yi rani guda su komo, wasu kuwa su zauna can.

Akwai wani yaro ɗan lakkwal a wani ƙauye kusa da Tawa. Wata rana uwarsa ta aike shi ya ɗauko zane cikin adaka. A ƙasan adakar sai ya ga wani tsohon tsumma a naɗe.

— Inna, in jefar da wannan?

— Kul! Gammon babanka ne. Zauna ka ji.

Ta ce masa shekara goma ubansa ya yi a Kumasi, cikin ƙasar Gana, yana dako a babbar kasuwa. Tun asuba yake ɗaukar buhunan goro da doya bisa wannan gammo. Da dare su takwas ke kwana zaure ɗaya a Zango. Sau da yawa garin rogo da ruwa ne abincinsa. Bai san yaren garin ba da farko, in an zage shi sai dai ya haƙura.

Duk wanda za ya komo gida sai uban ya ba shi saƙo. Da kuɗin nan aka biya lanho, aka sayi hatsi, aka yi wa yara tufafin salla.

A watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardun zama sati biyu su bar Gana. Mutane suka cika motoci maƙil. Uban ya komo da adakar nan kaɗai.

Yaron ya yi shiru. Ya san uban da tsaraba, amma bai taɓa tambayar daga ina ta fito ba. Yanzu ya gane abin da ya cinye gashin tsakiyar kan ubansa.

Da marece uban ya komo daga gona. Yaron ya tarye shi, ya karɓi haywa, ya kawo masa ruwa, ya durƙusa.

— Baba, sannu da aiki. Na gode.

Uban ya dafa kansa, ya ce: «Allah ya yi maka albarka.»

Hausawa na cewa: yaba kyauta tukwici.

Ma'anar kalmomi
Bida: tafiya neman kuɗi.
Kurmi: ƙasashen kudu masu itatuwa da yawa.
Zango: unguwar baƙi.

Tambayoyi
1. Mi ya sa mazan Adar ke tafiya Kurmi?
2. Mi aka yi da kuɗin da uban ke aikowa?
3. Mi ya faru a Gana a 1969?
4. Don mi uwar ta hana a jefar da gammon?

Aiki
Ku tambayi wani dattijo da ya zauna wata ƙasa irin aikin da ya yi. Ku rubuta layi biyar.